Abin da Na Gani a Riyom da Kerang

Mun dawo daga Filato ni da ɗaliban ajina, amma Dutsen Riyom bai fita raina ba. Hanyar Zariya ta Pambeguwa da Saminaka ba ta da labari sai hawa da sanyi, don Jos tana bisa tudun da ya kai mita 1,200.

A Riyom manyan duwatsu ne suka hau kan juna, sai ka rantse hannu ya jera su. Wani saurayi ya tare mu da tsawa, wai sai mun biya kuɗin hoto, babu rasit babu sallama. Abin ya ɓata mini rai. A dutsen Kufena na Zariya ko sisi ba mai tambayarka.

Dutsen Riyom giranit ne, narkakken dutse da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, ya tsattsage a tsaye da a kwance. Ruwan sama mai ɗan tsami ya dinga bin tsagar, yana cin kusurwoyi fiye da tsakiya, shi ya sa suka yi mulmul. Duk wannan a binne aka yi shi. Daga baya zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, ta bar masu taurin a inda suke tun farko.

Na sa yara su ɗebi tsakuwar gindin dutsen su murza, ta rududduge a tafin hannu. Mun zuba cikin kwalba har kashi ɗaya cikin uku, muka cika da ruwa, muka girgiza. Yashi ya kwanta cikin minti guda, yumɓu kuwa sai da ya kwana. Masu ɗebo ƙasar sama gwajinsu ya lalace, don ruɓaɓɓen ganye ya dagula ruwan. Sai an ɗan tona.

Haka kuza ta fita daga giranit. Da yake tana da nauyi, ta taru a gindin rafuka, mahaƙa suka bi ta suka bar kududdufai masu zurfi. Kada yaro ya kusanci bakinsu, gefen yana zaftarewa.

A Kerang ta Mangu tsohon dutse mai aman wuta ne, dutsensa baƙi mai ƙananan ramuka, ƙasarsa mai albarka. Wani dattijo ya cika mana buhu da dankalin turawa. Na ce, "Baba, nawa?" Ya ce baƙo ba ya saye a gonarsa. A kasuwar ma ya fi na Zariya arha nesa ba kusa ba.

Duwatsun Shere da ke kusa da Jos daga nesa muka hango su, hadari ya hana mu hawa.