Tagar da ta ƙi ƙanƙancewa

Ƙaramin kamfanin da nake gudanarwa yana rubuta manhajojin kwamfuta, kuma yawancin masu kawo mana aiki babbar taga suke so. Sai wata rana aka nemi mu yi wata 'yar taga da za ta zauna a kusurwar allo tana nuna adadin mutanen da ke jiran layi, lamba uku kawai, faɗinta kada ya wuce fiksel 80, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo guda 80.

Na rubuta 80, na kunna manhajar, taga ta fito da faɗin fiksel ɗari da talatin da 'yan kai. Na ja gefenta da linzami, ta tsaya cak. Dalilin shi ne Windows na ajiye mafi ƙarancin girma ga duk tagar da ke da sandar sama, domin tambari da maɓallan nan uku, na saukewa da na faɗaɗawa da na rufewa, su sami wurin zama. Kafin girman taga ya canza, Windows na aika mata saƙon WM_GETMINMAXINFO, kuma idan mai rubuta manhaja bai taɓa ptMinTrackSize da ke cikinsa ba, wato gurbin da ke faɗin mafi ƙarancin girman tagar, iyakar tsarin ce ke aiki.

Na fara bin gajeriyar hanya, wato na cire sandar da firam ɗin baki ɗaya, nan take taga ta ƙanƙance yadda ake so. Washegari ma'aikaciyar da ke amfani da ita ta kira ni, ta ce abin ya rufe mata agogo, ba ya matsawa, kuma ba ta ga inda za ta danna ta rufe shi ba. Laifina ne, domin na raba ta da abin da hannunta ya saba da shi ban ba ta madadi ba.

Gyaran ya ci mini kwana guda. Na amsa saƙon WM_NCHITTEST, wanda ke tambayar wane ɓangaren taga linzami yake kai, da HTCAPTION, wato sandar sama, domin a iya kama jikin tagar ko'ina a ja ta, sannan na sa danna dama ya fito da umarnin rufewa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ma'aunin allo: fiksel 80 a kan DPI 96, wato ɗigo 96 a kowane inci, ya ishi lambobin, amma a allon da aka ɗaga zuwa kashi 150, wato DPI 144, sai an kai 120, in ba haka ba lamba ta uku ta yanke. Yanzu daga girman rubutun nake lissafa iyakar, kuma ina gwada ta a allo biyu kafin in miƙa aiki.