Fok ɗin da Alhaji ya ce ya mutu

Shagona yana Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, ni da yara biyu. Gyaran keke gado na yi. Mahaifina ya yi wannan sana'a a Funtuwa, zamanin da in an ce keke to Raleigh ne ko Phoenix, fok ɗinsa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, ƙarfe sandararre: in ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya karye a kai wa mai walda. Da zai gan ni yau tsugune a gaban keke da rula da ɗan famfo mai agogo ina ƙirga milimita, cewa zai yi yaron nan ya koma likita.

Yawancin kekunan da ake kawo mini tokumbo ne, irin na hawan duwatsu da ake saukewa a Apapa daga Turai da Amurka. Legas ba ta da duwatsun, amma tana da ramuka da bakin kwalbati da titin da ruwa ya cinye, don haka fok mai shanye gargada yana da aikin yi. Masu zuwa kuwa kashi biyu ne. Akwai samari masu kai saƙo, waɗanda suka ƙaru tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta sake tsanantawa a 2022. Akwai kuma masu motsa jiki, irin waɗanda ake gani da sassafen Asabar a kan gadar Lekki zuwa Ikoyi. Na farkon suna son keke ya yi aiki kawai. Na biyun su ne masu tambaya, kuma a wurinsu na fi koyon aikin.

Wata Lahadi wani Alhaji daga Idi-Araba ya sauke keke daga bayan mota, ransa a ɓace. Likita ne ya ce ya rage jiki, shi ne ya saya.

"Malam, an cuce ni. Fok ɗin nan matacce aka sayar mini. Ina hawa sai ya durƙushe, ko ɗan rami na taka sai in ji ƙwas har cikin kafaɗa."

Na duba. Na kamfanin RockShox ne, mai iska, tafiyarsa, wato iyakar yadda yake iya shigewa, milimita 120, sandunan sumul babu ko ƙwarzane. Na ce, "Alhaji, da ransa. Iskar da ke ciki ta mai shi na farko ce, kuma da alama bai kai ka jiki ba." Ya yi dariya, ya ce ai ya kai wa mai faci ya busa masa, bai ga canji ba. Nan ne matsalar. Bakin iskar fok iri ɗaya ne da na tayar mota, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma ɗakin iskar ɗan ƙarami ne ƙwarai. Injin mai faci ba ya auna shi daidai, kuma kafin a zare kan tiyo rabin abin da aka sa ya gudu. Famfonsa daban ne, siriri, agogonsa yana kaiwa 300 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, kuma yana rufe bakin kafin ya saki. Wannan ƴar fiss da ake ji in an kwance shi daga cikin tiyon famfon take fitowa, ba daga fok ba. Sai da na yi wata guda ina faɗa wa yarana haka kafin su daina ƙara iska "saboda wadda ta zube".

Abin da ake fara aunawa shi ne nutsewa, wato yawan da fok ke shigewa idan mai keke ya hau bai motsa ba. Ana so ya ci tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tafiyarsa. A fok mai 120, wannan milimita 18 zuwa 24 ke nan. A mai 100 kuwa, 15 zuwa 20. Dalilin shi ne taya ba sama kaɗai take tafiya ba. In ta zo kan rami dole fok ya sami sauran da zai miƙe ya bi ta ƙasa, in ba haka ba taya ta rabu da titi, birki da kan keke su zama ba su da abin kamawa.

Na buɗe makunnin kullewa da ke saman ƙafar dama, na duba takardar da kamfanin ya manna a bayan ƙafar fok mai nuna nauyin mutum da iskar da za a fara da ita, na busa. Bayan kowace ƴar busawa nakan danna fok ɗin sau biyar ko shida, don iskar ta rarrabu tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, in ba haka ba agogo zai yi maka ƙarya. Sannan na ce Alhaji ya hau, da takalminsa da jakar da yake goyawa, yarona ya riƙe masa kai. Ya miƙe a kan feda kamar mai tafiya, ya ɗan yi tsalle sau biyu, ya nutsu. Na tura zoben robar da ke jikin sanda har ya taɓa bakin roba mai tare ƙura, na ce ya sauka a hankali, kada ya danna. Sau uku muka yi, don shi Alhaji saukar jaki yake yi, yana ture zoben. Da na auna tazarar da zoben ya yi daga bakin robar, na farko ya ba ni milimita 35. Na ƙara iska kaɗan-kaɗan, 5 zuwa 10 psi, har muka tsaya a 23. In fok ba shi da zoben, igiyar roba ta ɗaure waya tana yin aikin, sai dai a yanke ta bayan an gama, kada ta tara yashi ta goge sandar.

Sai dawowa. A ƙasan ƙafar dama akwai jan makunni, a jikin na RockShox an zana kunkuru a gefe guda, zomo a ɗayan. Shi ke tsara saurin da fok zai miƙe bayan ya shige. In ya yi zomo da yawa, keke ya riƙa harbin mutum kamar ɗan maraƙi. In ya yi kunkuru da yawa, a titi mai gargada a jere fok ba ya gama miƙewa kafin rami na gaba, sai ya yi ta shigewa har ya taurare, mutum ya ɗauka iska ce ta yi yawa alhali ba ita ba ce. Gwajina mai sauƙi ne: in danne kan keke da ƙarfi in saki farat ɗaya. Ina so ya dawo da hanzari amma taya kada ta ɗaga daga ƙasa. Mai jiki kamar Alhaji iskarsa da yawa, turawarta da ƙarfi, don haka sai da na matsa wajen kunkuru danni biyu. Ya zagaya layi, ya bi ta kan tudun rage gudu da gangan, ya dawo yana cewa, "Malam, ashe keken nan haka yake?"

Mu'amala da iska tana da haɗari, kuma da jikina na koya. Farkon fara wannan aiki na sa sifana zan kwance murfin saman wani fok ban saki iskar ba. Murfin ya tashi ya bugi kwanon rumfa, ya wuce gefen fuskata da kamar faɗin yatsa biyu. Har yau lotsawar tana nan, kuma duk yaron da ya zo koyo ita nake fara nuna masa.

Samarin kai saƙo su galibi fok na kamfanin SR Suntour suke kawowa, XCT ko XCM, masu sifirin na ƙarfe. Waɗannan babu iska, sai makunni a sama da ke ɗan matse sifirin. Yana rage nutsewa kaɗan, amma ba ya mayar da sifirin mai laushi ya zama mai tauri. In bai dace da nauyinka ba sai an canza shi, samunsa kuma a nan aiki ne. Abin da ke kashe su ruwa ne. Damina ta Legas, da iskar teku mai gishiri, da al'adar kai keke wurin wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, wanda ke kutsawa ta bakin roba ya kwanta a ciki. In na zare ƙafafun sai jan ruwa ya tsiyayo, sandunan duk sun yi tsatsa sun fara ɓarewa. Wanda ya kai haka ba na ɓata wa yaro kuɗi. Nakan ce, "Ƙanena, titi kake bi, kaya kake ɗauka, sa sandararren fok ka huta." Wasu suna jin haushi, don a ganinsu mai sifirin ya fi kyau a ido. In sun nace sai in nemo, amma sai na auna wuyan ko miƙaƙƙe ne ko mai faɗi a ƙasa, da girman taya, inci 26 ko 27.5 ko 29, da irin gatarin, don an sha kawo mini fok daga kasuwa wanda ko shiga firam ba ya yi.

RockShox sun ce a buɗe ƙafafun ƙasa a wanke a sabunta mai bayan awa 50 na tuƙi. A nan kusan babu mai ƙirga awa, sai na mayar da shi kafin damina da bayanta. Kuma man fok ne ake sawa, ba baƙin man inji ba, ko da wani ya rantse maka duk ɗaya ne. Tsakanin haka tsumma mai tsabta ya isa: a goge sanduna bayan kowace fita, wani lokaci a kifa keken na ƴan mintuna don mai ya gangaro ya jiƙa soson da ke ƙarƙashin robar.

Kafin Alhaji ya tafi na rubuta masa iskarsa da adadin dannin jan makunnin a ƴar takarda, na kuma rubuta a littafin shago. Bayan wata huɗu ya dawo, wando ya yi masa yawa, yana ƙorafin fok ya yi tauri. Na sa shi ya hau, zoben ya tsaya a 16. Na rage masa iska, na mayar da makunnin danni ɗaya wajen zomo, na soke tsohon lissafin a littafi na rubuta sabo.