Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar saniyar nan

Alhamdulillahi. Jiya da hantsi Dokta ya cire zare na ƙarshe daga kwiɓin saniyarmu, kwana 26 bayan tiyatar da aka yi mata aka ciro ledoji daga tumbinta. Daren jiya ne na fara yin barci har kiran assalatu ban zabura na nufi turke ba.

Dare na shida ne ya fi tsaya min a rai. Na haska fitila na ga ɗinkin ya kumbura, wurin ya ɗau zafi, mugunya na tsattsafowa, ga wari, ita kuma ta daina tuƙa. Wajen ƙarfe ɗaya na kira Dokta, ana ruwa, ya zo a kan babur. Nan na faɗa masa gaskiya: allurar penstrep, ta kashe ƙwayoyin cuta, da ya ce a yi mata kullum har kwana biyar, a kwana na biyu na tsayar da ita da na ga ta fara cin dusa, da wurin ya soma ja kuma na fasa kafso ja-da-yalo na barbaɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, riƙe min fitilar nan."

Ya warware zare biyu na ƙasa, mugunya ta kwararo, ya yi ta wankewa da ruwan gishiri na asibiti da aidin. Yana aiki yana yi min bayani cewa allura ba ta kaiwa cikin mugunyar da ta taru, sai an buɗe mata hanya. Da ya ce ciwon a fata da tsoka ya tsaya, bai shiga ciki ba, ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a cikin taɓo. Ya ɗebi kaɗan ya kai ɗakin gwaji, bayan kwana uku aka gano ƙwayar cutar ba ta jin maganin farko, aka sauya. Dokta, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya jiƙan mahaifanka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Saboda magani yana fita a nono, aka hana mu sha da sayarwa, Inna tana tatsa tana zubarwa tana hawaye. Maƙwabciyarmu ta bayan gida ba ta fasa aiko wa yaran marigayi Yaya ƙwaryar nono ba ko da safe ɗaya. Allah Ya shayar da ke ruwan Alkausara. Almajirin gidanmu da ya wuni yana kore ƙuda don kada tsutsa ta shiga ciwon, Allah Ya ba ka Alƙur'ani mai albarka.

Akwai 'yan'uwan da tun ranar farko suka ce a kira mahauci, daga nan ban sake jin muryarsu ba. Gadon marayu ce, shi ya sa na ƙi. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Ranar Laraba mai zuwa kwanakin hana shan nonon za su cika, Inna ta riga ta wanke ƙwaryarta.