Laraba, Argungu

Hazo ya rufe gari yau, sai da na ɗaura rawani kafin in hau mashin. Ina shiga aji biyar monita ya miƙo mini takardar sunayen waɗanda aka kama suna Hausa jiya, kowa da tararsa. Na ninke ta na jefa aljihu. Shekara da shekaru muna cin tarar nan, ba abin da ta koya wa yara sai yin gum idan malami na kusa, yana juya baya a ci gaba da Kabanci.

Ba wai ba su san amfanin Turancin ba ne. Kowannensu ya san ba ya shiga jami'a, ko ta Aliero ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi, sai da kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, ga JAMB ma Turanci dole ne. Abin da ke ba ni haushi, har jarrabawar furuci a takarda ake yin ta, a zaɓi amsa a shafe da fensir. Yaro sai ya ci ta bai taɓa buɗe baki ba.

Na ce yau a rufe littafi. Kowa zai fito ya koya mini abin da ya fi ni sani, da Turanci, minti biyu, kuma duk wanda ya yi dariya shi ne na gaba. Aji ya yi tsit. Dariyar nan suke tsoro, ta fi musu bulala ciwo. Mutum ya ce f a wurin p sau ɗaya, ya samu sunan tsokana har ya gama makaranta.

Can sai wani ɗan masunta da ke zama a layin baya ya miƙe. Tun farkon zango ban san muryarsa ba. Ya fara bayanin yadda ake kwanciya kan gora a kogin Matan Fada, homa a hannu biyu, da yadda ake gane inda giwan ruwa ya laɓe. Ya cije, ya dube ni.

"Malam, mi aka ce ma gora da Turanci?"

"Kai dai ce gora, ka ci gaba."

Ya yi minti biyar! Nahawun duk a karye, jiya da gobe sun cakuɗe, bakina har ƙaiƙayi yake in gyara, amma na danne. Kurakurai uku kawai na rubuta, na nuna masa shi kaɗai lokacin hutun tara. Wanda ya saba jagorantar tsokana ma shi ya ɗaga hannu yana tambaya, da nasa karyayyen Turancin, ko kada bai taɓa kama kowa ba.

Da aka tashi wata yarinya ta biyo ni bakin ofis, ta ce gobe ita za ta yi, kan yadda innarta ke turara shinkafa, amma in fara ba ta kalmomi biyar. Na rubuta mata su a bayan takardar monita, don ita kaɗai ce a aljihuna. Ban san me zan ce ba ranar Juma'a idan aka tambayi kuɗin tara.