Layin da na goge da hannuna

Jiya na miƙa makullan ofis da na'urar gwajin ruwa, bayan shekara 14 ina aikin sa ido kan wuraren haƙar ma'adinai. Abokan aiki sun ce in bar wa na baya wasu 'yan kalmomi. Da na zauna rubutu, sai na tarar duk abin da zan faɗa yana komawa kan fayil guda.

Wata mahaƙa ce da aka gama cin moriyarta. Kamfanin ya nemi takardar rufewa, da kuma kuɗin jinginar da ya ajiye tun farko don gyaran wurin. Ni aka tura dubawa. Tun saura mako guda aka sanar da su ranar zuwana, kuma motarsu ce ta ɗauke ni, domin tamu ta daɗe a gareji. Na tarar an baje tudun tarkacen duwatsu, an lulluɓe shi da ƙasa, ciyawa ta fito kore shar har gwiwa. Tsakiyar rani ne, amma ban tsaya na tambayi kaina wa ke yi mata ban ruwa ba. Magudanar da ke gindin tudun kuwa a bushe take ƙayau, babu ko ɗigon da zan ɗiba in gwada.

A rahotona na farko na rubuta cewa a jira damina ta wuce, a gwada ruwa, sannan a saki kuɗi. Shugaban sashenmu ya kira ni, ya ɗora yatsa kan layin. "Malam, ka ga gurɓataccen ruwa da idonka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ban ga ruwa ba sam, shi ya sa na ce a jira." Ya ce aikinmu rubuta abin da muka gani ne, ba abin da muke tsoro ba, ga shi kuma daga sama an dame shi da waya. Na koma teburina na goge layin. Ba wanda ya kama hannuna. Na sa hannu, aka saki kuɗin, kamfanin ya kwashe injinansa.

Abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan dutse ne mai farar wuta, irin mai ƙyalli kamar zinariya. Muddin yana binne, lafiya lau. Da zarar an farfasa shi, iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya riƙa zubar da asid, asid ɗin kuma ya narko ƙarfe da tagulla da sauran guba ya gangara da su. Abin yana iya ɗaukar gomman shekaru bai tsaya ba. Tun ina ɗalibi na san haka, kuma nan ne abin yake mini ciwo. Ƙasar da suka shimfiɗa ba ta kai taƙi ɗaya ba, ba yumɓu a ƙarƙashinta, ba a cakuɗa farar ƙasa mai kashe asid ba. Da na ari shebur na tona rami ɗaya, da na gani.

A damina ta biyu ƙorafi ya iso. Na koma, na tarar duwatsun rafin sun yi jawur kamar tsatsa, ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka. Ruwan sha mai kyau yakan tsaya tsakanin 6.5 da 8.5 a ma'aunin tsami, nawa ya nuna 3 da ɗoriya, alhali raguwar lambar ce ke nuna tsananin asid. Wata dattijuwa ta tsaya tana kallona ina cika kwalba, ta ce, "Ɗana, kai ne na gwamnatin? Me ya sami ruwanmu?" Wallahi na kasa ɗaga kai. Kamfanin ya riga ya narke, kuɗin gyara kuma ni na buɗe musu ƙofa.

Takardar tuhuma ta fito da sunana ni kaɗai. Aka nemi rahotona na farko a fayil, babu shi. Shi kuwa maigidan, ba a jima ba aka ƙara masa girma. Laifina na ɗauka, ban taɓa musu ba, amma har yau ban manta yadda ya wuce ni a baranda kamar bai san zancen ba.

Ranar 25 ga Janairun 2019, lokacin da madatsar lakar wata mahaƙa da ke Brumadinho a Brazil ta ɓalle ta kashe mutum 270, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yan watanni kafin nan an ba ta takardar shaidar cewa ƙalau take. Wani ne ya sa hannu, kamar yadda na sa.

Shawarwarina ga na baya ba su da tsawo. Ku je ba sanarwa, ku je lokacin ruwa. Ku ɗebi samfur da hannunku, kada ku karɓi kwalbar kamfani. Ku matsa a riƙa gyara tun ana haƙa, domin wanda ya daina samun riba ba ya dawowa da son ransa. Duk rahoton da aka ce ku sauya, ku ajiye kwafin na farko, ku nemi a ba ku umarnin a rubuce. Sau da yawa daga nan maganar take mutuwa.

Tun daga wannan rafin ban sake goge layi ba. An kira ni mai taurin kai, an tsallake ni sau biyu wajen ƙarin girma, fayiloli sun yi ta kwana a teburina har sai da aka gyara abin da na ce a gyara. A takardar miƙa aiki, a shafin farko, na rubuta wa wadda za ta gaje ni sunan rafin, na roƙe ta ta riƙa zuwa duk damina tana gwada shi. Bara da na je, ruwan yana nan ja.