Fim ɗin Holan da ya raba kan abokaina

Daren jiya na kalli fim ɗin barkwancin nan na ƙasar Holan mai suna New Kids Turbo tare da wasu abokai, kuma har muka watse bakinmu bai zo ɗaya ba a kansa. Fim ɗin ya fito a shekarar 2010, labarinsa kuwa na wasu samari biyar ne a ƙauyen Maaskantje waɗanda suka rasa aikinsu lokacin karayar tattalin arziki, sai suka lashi takobin ba za su ƙara biyan kuɗin komai ba, har rigimar ta kai ga gwamnati ta tura sojoji.

Salon ban dariyarsa ne ya raba mu. Mutum yana tsaye a kan titi yana magana, mota ta zo ta yi awon gaba da shi, labari ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wani abokina ya yi ta dariya har da ƙwalla, ɗayan kuwa ya ɗaure fuska ya ce mutuwa da ashar ba abin raha ba ne. Ni dai na fi karkata ga na farko, domin akwai shaguɓe mai zafi a wurin da sojojin suka yi kuskure suka jefa bam a garin Schijndel da ke maƙwabtaka, ko da yake zagin ya yi mini yawa ƙwarai.

A Holan mutane sama da miliyan ɗaya ne suka kalle shi a silima, a Jamus ma ya samu karɓuwa, inda 'yan wasan suka maimaita muryoyinsu da Jamusanci da kansu.