Yaran sun kama mai kisan tun babi na huɗu

Duk mai shirin rubuta labarin kisan kai a makarantar sakandare ya kwana da sanin cewa masu karatunsa a wurin da aka yi aika-aikar suke wuni. Sun fi shi sanin lungu da saƙon wajen. Ni dai an nuna min, kuma har yau abin yana min ciwo.

Littafina a kan wata ɗaliba ne da aka tsinci gawarta a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya bayan an tashi. Na bi ƙa'idar da Ronald Knox, marubucin labaran binciken laifi ɗan Ingila, ya shimfiɗa a 1929, cewa dole mai laifin ya bayyana tun farkon labari, kada a jefo shi daga sama a ƙarshe. Batun gawa ma na yi masa aiki: jiki yakan fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, ya gama wajen awa 12, don haka lokacin mutuwar ya zauna daram. Manyan da suka karanta duk sun afka wa malamin lissafi, tarkon da na ɗana musu.

Sai na miƙa wa 'yan shekara 15 zuwa 17. Wata ta ajiye takardun a babi na huɗu, ta ce, "Malam, ai shugaban ɗalibai ne." Hujjarta layi ɗaya tak a babi na biyu, inda ya bi ta baranda ana tsakiyar darasi, malami ya gan shi bai ce uffan ba. "Mu in mun fita a lokacin, sai an tambaye mu ina za mu." Babi na huɗu fa! Manya sun manta da wannan, ita kuwa kullum a cikinsa take.

Makaranta wuri ne da ake kiran suna, ƙararrawa na raba yini, kowa an san ajin da yake. Wanda zai iya ɓacewa ba a tambaye shi ba, shi ne abin zargi, ni kuma mutum ɗaya kawai na ba wa wannan damar. Saboda haka ka zana jadawalin darussa kafin ka ƙirƙiri ko da mutum guda, ka rubuta inda kowa yake a kowace awa ta ranar. Kuma ka rabu da dabarar nan ta cewa cajin waya ya ƙare shi ya sa aka kasa samun mutum, dariya za su yi maka.

Gyaran ya cinye rabin littafin. Na ƙaro masu yawo da izini: yarinya mai asma da ke zuwa ɗakin shan magani, wanda ake aika ɗauko alli, da yaron da ke buga ƙararrawa. Mai ƙararrawar yakan fita minti biyu kafin kowa, a kan idon kowa, ba mai lura. Bai kashe kowa ba, amma babin da ya faɗi abin da ya gani shi ne yaran suka fi yin musu a kansa.